Tarihin 'Yar Ƙwaƙwalwa Mai Cin Hasken Rana

Tun kaka da kakanni mutanen Dingaya da sauran garuruwan yankin Birnin Kudu da Gwaram su ke shanya hatsi da barkono a rana. Amma mayar da haskenta wutar lantarki, wannan bai daɗe ba. A shekarar 1954 ne masana a ɗakin bincike na Bell a Amurka suka ƙera faifan da a ke kira sola. A lokacin nan kashi 6 kaɗai cikin ɗari na hasken ya ke iya mayarwa wuta.

Sannu a hankali ilmin ya iso Afirka ta Yamma. A 1965 Nijar ta kafa ofishin makamashin rana a Yamai, Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya shugabance shi daga 1969. A 1982 aka buɗe cibiyar binciken makamashi a Jami'ar Sakkwato. A farkon shekarun 2000 kuma gwamnatin Jigawa ta haɗa hannu da wata ƙungiyar Amurka, aka sa wa ƙauyuka uku sola, don famfon ruwa da firjin allurar rigakafi.

To, wutar rana ba ta da tabbas, gajimare ko ƙurar hunturu na iya rage ta. Saboda haka na'urorin yau su ke da mai lura a cikinsu, watau wata 'yar ƙwaƙwalwa da ba ta kai farcen yatsa ba. Kamfanin Texas Instruments ya fara sayar da irinta mai suna TMS1000 a 1974. Ita ce ke ta da famfo, ta tsai da shi, ta hana batir cika fiye da kima. Waɗansu ma ba su da batir, sai kafasita, wadda ta ke tara wuta kaɗan-kaɗan kamar yadda rumbu ke tara hatsi.

Wannan ƙwaƙwalwa ba ta san kome ba sai an rubuta mata umarni daga kwamfuta, abin da masu gyaran waya ke kira filashin. Nan haɗarin ya ke. Da yawa daga cikinsu suna aiki ne tsakanin bolt 1.8 da 3.6. In wuta ta yi ƙasa ana tsakiyar rubutu, umarnin ya lalace, famfo ya tsaya, gari ya kwana ba ruwa. In kuwa wutar kwamfuta ta haɗu da ta faifai, kayan na iya ƙonewa.

Don haka ƙwararru suka tsai da ƙa'ida. Da fari a raba ƙwaƙwalwar da faifai da kafasita. Sa'an nan a ba ta wuta tsayayya daga wuri guda. A kuma kunna mai gadin da ke cikinta, wanda ke dakatar da ita in wuta ta ragu. Sai an karanta abin da aka rubuta, an ga daidai ne, kana a mayar da ita wurinta.

Makanikin da ya kiyaye wannan ya tsare ruwan garinsu. Wanda ya yi gaggawa kuwa, sauri ya haifi nawa.