Igiyar Shekarun Aiki a Kakin Sojan Amurka

Igiyar shekarun aiki wani siririn ƙyalle ne da ake ɗinkawa a karkace a ƙasan hannun rigar fareti ta ƙananan sojojin Amurka, kusa da wuyan hannu, domin nuna tsawon lokacin da soja ya yi yana aiki. Ba ita ce igiyar muƙami ba, irin biyu ta kofur ko uku ta saja, wadda ake sawa a damtse. Hafsoshi ba sa ɗaura ta. Haka kuma ba a sa ta a kakin aiki na yau da kullum, sai a kayan fareti da na bukukuwa.

Asalinta yana komawa ga umarnin da Janar George Washington ya bayar ranar 7 ga Agusta, 1782, a hedkwatarsa ta Newburgh da ke jihar New York, ana dab da kammala yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Ya ce duk ƙaramin sojan da ya wuce shekara 3 yana aiki da jarumta da riƙon amana da halin kirki, a ɗinka masa farin ƙyalle mai kusurwa a hannun hagu. Wanda ya wuce shekara 6 kuma a ba shi biyu. A wancan zamani lambobin girmamawa kusan na manya ne kaɗai, don haka tunawa da sojan da ba shi da muƙami ba ƙaramin abu ba ne.

A yau kowace runduna da nata lissafi. Sojan ƙasa yana samun igiya ɗaya duk shekara 3, a hannun hagu. Sojan ruwa da sojan kundumbala da masu tsaron gaɓar teku kuwa sai sun cika shekara 4, kuma 'yan kundumbala a hannu biyu suke sa tasu. Sojan sama ba ya amfani da ita, ƙaramar lamba yake maƙalawa a ƙirji. Igiyoyin kwance da ake gani a hannun daman sojan ƙasa daban suke: kowace ɗaya wata 6 ce a yankin yaƙi.

A rundunar ruwa launi ma yana da ma'ana. Ja ake farawa da shi, bayan shekara 12 a koma ruwan zinariya. Da, sai wanda ya yi shekarun nan ba tare da an hukunta shi ba yake samun zinariya, ta yadda dattijon soja mai jajayen igiyoyi huɗu ko biyar kowa ya gan shi a fareti ya san ya taɓa yin laifi. Wannan ya zama tonon asiri kan kuskuren da mutum ya riga ya biya tun yana matashi. A 2019 rundunar ta soke sharaɗin, kuma yanzu duk wanda ya cika shekara 12 yana da damar sa zinariya.