Alkaki da nakiya da dubulan: Kayan zaƙin buki a yammacin Zamfara

Alkaki da nakiya da dubulan su ne manyan kayan zaƙin gargajiya da ake tanada domin Sallah da bukin aure da na suna a ƙasar Hausa. A yammacin Jihar Zamfara, wato yankin Anka da Gummi da Bukkuyum har zuwa Zugu, suna cikin kayan gara, watau abincin da iyayen amarya ke kai wa gidan ango bayan an tare, tare da shinkafa da mai da sauran kayan masarufi.

Alkaki da alkama ake yin sa. Akan ɓarza ta, a kwaɓa da yis ko nono mai tsami, a bar kwaɓin ya kwana ya tashi. Daga nan sai a murza shi siriri, a naɗe, a soya, sannan a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari. Lemon tsami ko tsamiyar da ake sa wa sukarin ita ke hana shi daskarewa.

Nakiya kuwa daga shinkafa take. Akan soya garinta sama-sama, a haɗa da citta da kanumfari da masoro, a zuba zuma ko sukari da man shanu, a kirɓa a turmi, sannan a cura. Shi ko dubulan da fulawa ake yin sa: a murza kwaɓin ya yi falan-falan, a yanka, a lanƙwasa, a soya, a jiƙa da sukari.

Hikimar waɗannan kayan ita ce daɗewa. Suya tana kore ruwa, sukari da zuma kuma suna tsare su daga lalacewa, don haka sukan yi makonni a ajiye, har a raba wa dangi na nesa.

Irin wannan al'ada tana nan a ƙasar Denmak, inda iyalai ke haɗuwa cikin watan Disamba su gasa biskit na man shanu domin Kirsimeti, wadda suke bukinta a daren 24 ga wata. Wasu akan cusa musu dafaffen 'ya'yan itace da sukari a tsakiya. Suna kuma da klejner, wani lanƙwasasshen kwaɓi da ake soyawa, mai kama da dubulan. Shuɗin gwangwanin biskit na Royal Dansk, wanda aka fara a 1966, ya fito ne daga wannan al'ada.

Babban ƙalubalen kayan zaƙin gida a yau shi ne tsada. Ko da yake ana noman rani a madatsar Bakolori da ke kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, mafi yawan alkamar da Nijeriya ke ci daga waje ake shigo da ita. Saboda haka farashin fulawa yake bin na dala, kuma ya yi tashin gwauron zabo bayan faɗuwar darajar naira a 2023. Wannan ya ƙara wa iyayen amare nauyi, shi ya sa malamai da dattawa suke yawan kira da a sauƙaƙa gara, kowa ya kai gwargwadon ƙarfinsa.