Ciwon Sukari da Tantanin Ido: Yadda Ake Gano Cutar da Hanyoyin Magance Ta

Tantanin ido, wanda likitoci ke kira ratina, wani siririn shimfiɗi ne da ke can ciki a bayan ido. Shi ke karɓar haske, ya mayar da shi saƙon da jijiyar gani ke kai wa ƙwaƙwalwa. Idan ya lalace, tabarau ba ya dawo da gani, kuma ba a sauya shi da wani kamar yadda ake yi a aikin yanar ido.

Ciwon sukari na cikin manyan abubuwan da ke lalata wannan tantani. Yawan sukari a jini na tsawon shekaru yana raunana ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da shi, su riƙa yoyo ko su toshe. Idan sun toshe, sai ido ya tsiro da wasu sababbi marasa ƙwari, waɗanda kan fashe ko su janye tantanin daga mazauninsa. Hawan jini yana ƙara tsananta lamarin.

Babban haɗarin cutar shi ne ba ta zuwa da zafi, kuma mutum kan ci gaba da gani sarai alhali ɓarna ta yi nisa. Daga baya ne ake fara gani dishi-dishi, ko baƙaƙen ɗigo masu yawo. Wanda kuwa ya ga walƙiya a idonsa farat ɗaya, ko wani duhu kamar labule ya rufe gefen ganinsa, lallai ya je asibiti a ranar, domin alama ce ta ɓallewar tantanin.

Likita kan ɗiga maganin da ke buɗe baƙin tsakiyar ido, sannan ya haska ciki ya duba. Akan ɗauki hoton tantanin, ko a yi amfani da na'urar OCT wadda ke nuna kumburi. Mai nau'i na 2 na ciwon sukari ana so a duba shi da zarar an gano ciwon, mai nau'i na 1 kuma cikin shekara 5, daga nan a riƙa maimaitawa duk shekara. Masu sikila, musamman nau'in SC, su ma suna buƙatar wannan gwaji.

Tushen magani shi ne daidaita sukari da hawan jini. Idan cutar ta yi ƙarfi, akan ƙona wuraren da suka lalace da hasken leza, ko a yi allura a cikin ido don rage kumburi, ko tiyata don kwashe jinin da ya taru. Cibiyar Kula da Lafiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa na jami'o'i na cikin wuraren da akan tura masu wannan larura. Galibi magani yana kare ganin da ya rage ne, shi ya sa gwaji tun kafin alamu su bayyana ya fi komai muhimmanci.