Jami'ar Ahmadu Bello da Rassanta: Daga Gonar Samaru Zuwa Karatun Dogon Hutu

Ranar 4 ga Oktoba 1962 Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta buɗe ƙofofinta a Zariya da ɗalibai 426, tsangayoyi huɗu da sassa 15. Tsangayoyin su ne na aikin gona, injiniyanci, shari'a da kimiyya. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ɗauka fili aka share a daji aka aza tubalin farko, amma ba haka abin ya kasance ba. Yawancin wuraren da aka kira jami'a a ranar sun daɗe da kafuwa, kowanne da ma'aikatansa da al'adarsa ta aiki, wasu ma sun girmi ɗaliban da suka shigo. Haɗa su aka yi kamar yadda maɗinki ke haɗa ƙyallayen saƙi ya fitar da babbar riga, kuma har yau ana ganin wurin ɗinkin ga mai lura.

Gaggawa ce ta jawo hakan. A 1959 gwamnatin tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Sir Eric Ashby don ya duba buƙatar ƙasar ta ilimi mai zurfi, kuma rahotonsa na 1960 ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa. Firimiyan Jihar Arewa, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, yana da ofisoshi da asibitoci da kotuna da Turawa ke shirin bari, ba shi kuma da isassun 'yan ƙasa da za su karɓa. Jiran a gina komai sabo ba zai yiwu ba. A 1961 Majalisar Dokokin Arewa ta zartar da dokar kafa jami'ar, aka waiwaya aka dubi abin da ke hannu.

Abin da ke hannun ba kaɗan ba ne. A Samaru, kan hanyar Sakkwato, akwai reshen Zariya na kwalejin Nijeriya ta fasaha da kimiyya da ƙere-ƙere, wadda tun kafin 'yancin kai ta yi suna da masu zane irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya. Harabarta ce ta zama mazaunin jami'a na dindindin. Tsallaken titi akwai tashar binciken aikin gona da aka kafa tun 1922. Gaba kaɗan, a Shika, akwai gonar dabbobi ta gwamnati da ta soma aiki a 1928. A Kongo, kusa da Tudun Wada, akwai Cibiyar Nazarin Mulki, wadda ta fara a 1947 a matsayin makarantar koyar da akawu, daga baya ta zama wurin da ma'aikatan En'e da alƙalai ke zuwa kwas. Can Kano kuma akwai ƙaramar kwaleji da aka buɗe a 1960 cikin Makarantar Nazarin Larabci, ana kiranta Kwalejin Ahmadu Bello. Da jami'ar ta ɗauki sunan Sardauna, sai aka sauya wa ta Kano suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, don tunawa da Sarkin Kano da ya rasu a 1953.

Saboda haka tun ranar farko ABU ba ta taɓa zama gida ɗaya mai katanga ɗaya ba. Mai karatun shari'a yana Kongo, mai karatun Larabci da addinin Musulunci yana Kano, mai binciken auduga yana gonar Samaru, kuma duk takarda ɗaya suke jira.

Malamai kuwa kusan duk baƙi ne. Shugaban jami'a na farko, Sir Norman Alexander, haifaffen ƙasar New Zealand ne, malamin kimiyyar fiziks da aka ɗauko daga Ibadan. Cikin rukunin farko na malamai, 'yan Nijeriya biyu ake ambata, Iya Abubakar a lissafi da Adamu Baikie a fannin ilimi. Cikin ɗalibai 426 ɗin nan, 147 ne kawai 'yan Arewa. Wannan adadi shi ne ya fi damun waɗanda suka kafa jami'ar, kuma daga gare shi ne yawancin rassa da shirye-shiryen da suka biyo baya suka samo dalilinsu. Jami'a ta tsaya da ƙafafunta, amma makarantun da za su ciyar da ita da ɗalibai ba su isa ba.

An kashe Sardauna, wanda shi ne uban jami'ar na farko, ranar 15 ga Janairu 1966. A shekarar ne Dokta Ishaya Audu, likitan yara haifaffen Anchau, ya karɓi shugabanci, ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar. Shekara guda bayan haka aka raba Jihar Arewa gida shida, jami'ar ta koma mallakar jihohin shida tare, ƙarƙashin hukumar riƙon ƙwarya da ke kula da kadarorinsu na haɗin gwiwa. Jami'ar da ke da iyayen gida shida dole ne kowannensu ya ga amfaninta a ƙofar gidansa. A ganina wannan ne ya sa zamanin Ishaya Audu, daga 1966 zuwa 1975, ya zama zamanin da ABU ta fi miƙa hannuwa waje. Aka buɗe tsangayar koyon likitanci a 1967, asibitocin gwamnati na Zariya da Kaduna da Malumfashi suka zama wuraren koyarwa. Aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a a Samaru a 1970, don yaran da suka gama sakandare ba tare da samun manyan ajujuwan da ake buƙata ba. A shekarar dai gidan Sardauna da ke kan titin Rabah a Kaduna ya zama cibiyar adana takardu da binciken tarihi, wato Gidan Arewa, Farfesa Abdullahi Smith na jagoranta. Makarantun koyon aikin gona na Samaru da Kabba da na kan hanyar Mando a Kaduna su ma aka tattaro su ƙarƙashin inuwar jami'a.

Wasu rassan sun girma har sun bar gida. Kwalejin Kano ta taɓa zama na ɗan lokaci a tsohon otal ɗin filin jirgin sama kafin ta koma mazauninta da ke daura da ganuwar birni. A 1975, shekarar da gwamnatin tarayya ta karɓi ABU, aka ɗaga ta zuwa kwalejin jami'a, a 1977 kuma ta zama Jami'ar Bayero mai cin gashin kanta, Dokta Mahmud Tukur na shugabanta. Reshen Bauchi kuwa ya bi wata hanya daban. Jami'ar fasaha ta tarayya aka kafa can a 1980, gwamnatin soja ta haɗe ta da ABU a 1984 da sunan Kwalejin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sannan a 1988 aka sake ta ta koma jami'a. Ba na cikin masu ɗaukar waɗannan rabuwa a matsayin asara ga Zariya. An kafa ABU ne don Arewa ta samu masu ilimi, kuma reshen da ya kai ƙarfin ɗaukar ɗalibansa da kansa ya cika wannan buri fiye da wanda ya zauna yana jiran umarni daga Samaru.

Amma reshen da ya fi kowanne taɓa rayuwar talaka, a nawa hukuncin, shi ne wanda ba shi da gari nasa, sai dai lokaci. Cibiyar Ilimi ta jami'ar, wadda aka kafa a 1965, aikinta a wancan lokaci shi ne sa ido kan kwalejojin horon malamai na Arewa, tsara manhajarsu, shirya musu jarrabawa da ba da takardun shaida. Da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yara suka cika ajujuwa fiye da yadda aka yi tsammani, aka ɗebi malamai da yawa da ba su da cikakken horo. Ga matsalar a fili: malamin yana buƙatar ƙaro ilimi, amma in aka cire shi daga aji na shekara uku, ajin zai zauna ba kowa, iyalinsa kuma ba albashi. Mafitar ita ce dogon hutu. Daga wajen Yuli zuwa Satumba makarantun firamare da sakandare suna rufe, ɗaliban jami'a na yau da kullum sun tafi gida, ɗakunan kwana da na lacca suna nan ba kowa. Sai a kira malamai su zo su cike su. Wannan shi ne shirin karatun dogon hutu da kowa a Zariya ya sani da haruffa uku, LVT.

Duk wanda ya san Samaru a damina ya san waɗannan ɗalibai. Ba samari ba ne masu neman abin yi. Hedimastoci ne masu furfura, malaman Islamiyya, matan aure da goyo a baya da ƙanwa mai raino a biye, mutanen da suka taso daga ƙauyukan Katsina da Neja da Filato da Adamawa da buhun garin kwaki ko na tsaki da risho. Abin da ɗalibi na yau da kullum zai karanta cikin wata huɗu, su cikin makonni ake ɗura musu, lacca tun safe har yamma, wani lokaci har Asabar. Su yi jarrabawa su koma bakin aiki, baɗi war haka su dawo, haka shekara bayan shekara har mai takardar malanta mai daraja ta biyu ya kai ga ta N.C.E., mai N.C.E. ya kai ga digiri. Malaman jami'a da ke koyar da su sun sadaukar da nasu hutun, lokacin da takwarorinsu na wasu sassa ke rubuce-rubuce ko tafiye-tafiye. Haka ma masu kula da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, da masu shara, da akawun da ke rajista. Ba a cika jin labarin waɗannan mutane a jawabin bikin yaye ɗalibai ba, alhali yaron da ya koyi karatu a hannun malamin da ya bi ta wannan hanya ya ci moriyar jami'a tun bai san inda Zariya take ba.

A ɓangaren gona ma damina ba hutu ba ce, ita ce tsakiyar aiki. Iri ba ya jiran kalandar majalisar jami'a. Da ruwa ya sauka, masu bincike na Cibiyar Binciken Aikin Gona, wato tsohuwar tashar Samaru, suna cikin fegi suna shuka, suna auna tsayi, suna ƙidayar kwanakin fitar da kai. Tashoshinta na waje, irin su Kadawa a Kano da Talata Mafara a Zamfara, suna ba da damar a gwada iri a ƙasa da ruwan da ba irin na Samaru ba, har da noman rani. Manomin da ya sayi masarar da sunanta ya fara da SAMMAZ, ko dawa SAMSORG, ko gyaɗa SAMNUT, ko wake SAMPEA, sunan Samaru yake ɗauke da shi zuwa gonarsa, ko ya sani ko bai sani ba. Waken nan mai jure tsutsar da ke huda kwanso, SAMPEA 20-T, a 2019 aka amince da fitar da shi daga wannan cibiya. Gonar Shika ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa a 1976, kuma daga can kazar ƙwai da ake kira Shika Brown ta fito. Akwai kuma cibiyar da aikinta shi ne kai sakamakon bincike ga malaman gona da manoma, ta ƙasidu da shirye-shiryen rediyo da Hausa, don kada ilimin ya tsaya cikin kabad.

Asibitin koyarwa shi ya yi akasin sauran. Bayan shekaru yana warwatse tsakanin garuruwa, a 2005 ya tattara ya koma sabon mazauninsa a Shika. Likitoci da ɗalibai sun huta da zirga-zirga a hanyar Kaduna, amma majinyacin Malumfashi tafiya ta ƙaru masa. A Funtuwa kuwa an buɗe makarantar share fage da gyaran jarrabawa, da goyon bayan jihohin Arewa, wadda ke ci gaba da aikin da aka soma a 1970. Kasancewar har yanzu ana buƙatarta shaida ce cewa giɓin da ke tsakanin sakandare da jami'a a Arewa bai rufe ba.

Abin da ya fi yi wa tsarin dogon hutu illa a 'yan shekarun nan shi ne rikicewar kalanda. Dukkan hikimar shirin ta ginu ne kan haɗuwar hutu biyu, na makarantun yara da na jami'a. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aiki daga Maris zuwa Disamba 2020, ta sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba 2022. Bayan irin wannan, jami'a kan matse zangunan karatu don ta cike abin da ya wuce, sai Agusta ta zo ɗalibai na yau da kullum suna cikin ɗakunansu, malamai suna tsakiyar jarrabawa. Hutun firamare kuwa bai gusa ba. Malamin ƙauye da ya tara kuɗin rajista sai ya zaɓa tsakanin barin ajinsa a lokacin aiki da jinkirta karatunsa, shi da bai da hannu a rikicin da ke tsakanin gwamnati da ƙungiya.

Yanzu jami'ar tana da cibiyar karatu daga nesa, inda ake lacca ta intanet, mutum yana gidansa da wayarsa ko kwamfuta. Ga ma'aikacin banki a Abuja ko Legas wannan sauƙi ne babba. Ga malamar firamare da ke garin da wuta ba ta zuwa, sabis kuma sai an hau tudu, makonnin da take yi a Samaru su ne kaɗai lokacin da take shiga ɗakin karatu, ta zauna gaban farfesa ta yi tambaya, ta kwana ɗaki ɗaya da abokiyar aiki daga wata jiha su kwatanta yadda kowacce ke koyar da yara tamanin a aji ɗaya. Majalisar jami'a da ma'aikatun ilimi na jihohi suna da ikon zama su tsayar da waɗannan makonni tun farkon shekara, a keɓe ɗakunan kwana, a biya malaman da suka koyar haƙƙinsu a kan kari, jihohi kuma su ɗauki nauyin rajistar malamansu tunda su ne za su ci amfanin horon.