NFS da Tarihin Alƙawarin Rubutu

A shekarar 1984 injiniyoyin kamfanin Sun Microsystems da ke Kalifoniya suka ƙirƙiro NFS, ƙa'idar da ke ba kwamfuta damar buɗe fayil ɗin da ke kan wata na'ura kamar a faifanta yake, kuma suka gina ta bisa sharaɗin cewa sabar, wato na'urar da ke riƙe da fayilolin, ba za ta riƙa tuna komai game da masu hulɗa da ita ba. Kowace buƙata kan zo da cikakken bayaninta, daga lambar shaidar fayil har wurin da za a fara karatu ko rubutu, don haka idan sabar ta mutu sai kwamfutar mai buƙata ta tsaya cak tana nanata roƙonta, da zarar an tayar da sabar kuma aiki ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Wannan sauƙi bai zo a banza ba. Tun da sabar ba ta riƙe komai a ka, siga ta biyu ta NFS ta wajabta mata kada ta amsa cewa ta rubuta sai bayanan sun sauka a kan faifai, alhali kowace buƙata ba ta wuce kilobayit 8 ba, faifan zamanin kuwa sau 3,600 yake juyawa a minti, kuma gutsure ɗaya kan jawo rubutu biyu ko uku saboda sai an gyara bayanan tsarin fayil ɗin ma. Ma'ajiyar wucin-gadi, wato ɓangaren ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake jibge bayanai a ciki kafin su kai faifai, ta yi wa karatu rana ƙwarai, amma a wajen rubutu an ɗaure mata hannu. Wasu masu kula da sabar suka riƙa kunna zaɓin da ke sa ta amsa tun bayanan suna ƙwaƙwalwa, abin da ya ninka sauri amma ya mai da amsar ƙarya, domin ana ɗauke wuta aikin da aka ce wa mai shi ya adanu sai ya bi iska. Magani na gaskiya shi ne wanda kamfanin Legato ya fitar a 1989, allon Prestoserve mai ƙwaƙwalwar da batir ke raya ta, wadda ke karɓar rubutu nan take ta kuma riƙe shi ko da wuta ta tafi. A kan wannan dabara kamfanin NetApp, da aka kafa a 1992, ya ɗora na'urorinsa.

Jami'ar Carnegie Mellon ta bi wata hanyar da tsarin AFS, inda kwamfuta ke ajiye kwafin fayil a faifanta, sabar kuma ta ɗauki nauyin sanar da ita idan wani ya taɓa shi, wanda ke nufin tilas sabar ta san wa ke riƙe da me.

Siga ta uku, ta 1995, ita ce ta sasanta sauri da amana, kuma ta cancanci yabo fiye da wanda take samu. Ta yarda sabar ta karɓi rubutu a ƙwaƙwalwa, amma sai mai rubutun ya riƙe kwafinsa har ya aiko da umarnin tabbatarwa, sannan kowace amsa na ɗauke da wata lamba da ke sauyawa duk lokacin da sabar ta sake tashi. Idan ya ga lambar ta canja, ya san mai yiwuwa abin da ya aika ya salwanta, sai ya sake turawa. Siga ta huɗu, ta shekarar 2000, ta yi watsi da sharaɗin farko ɗungurungum, ta ari salon AFS na damƙa fayil a hannun mai amfani da shi na ɗan lokaci.

Matsalar dai ba ta gushe ba, ta koma cikin ƙarfe ne kawai. Allon RAID, mai haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar guda, yakan daina ajiye rubutu a ƙwaƙwalwarsa da zarar batirinsa ya yi sanyi, sai sabar ta yi nauyi ba gaira ba dalili, faifan SSD da ake ƙera wa sabar kuwa ana saka masa ƴan ma'ajiyar lantarki da ke ba shi isasshen ƙarfin sauke abin da ke ƙwaƙwalwarsa a daidai lokacin da wuta ta yanke, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ya fi na gida tsada.