Bayan an ci zaɓe

Mu masu koyon rubutu mun saba rufe labarin juyin juya hali a ranar nasara, alhali a nan wuyar take farawa. A 1980 Robert Mugabe ya ajiye bindiga ya ci zaɓen Zimbabuwe, sai ga shi dole ya yi mulki da sojojin da ya yaƙa jiya.

Namu misalin yana nan Kaduna. 'Yan PRP ba su ɗauki makami ba, amma magadan NEPU ne, masu neman kawar da mulkin danniya. Ranar 1 ga Oktoba 1979 Balarabe Musa ya zama gwamna, ya soke haraji da jangali. Sai dai majalisar da ke zama a Lugard Hall tana hannun NPN. Ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, shi kuma ya ƙi ba ta kujeru. Jam'iyyarsa ta dare biyu, santsi da taɓo. Ranar 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi.

Da ya sasanta, da mun ce ya ci amanar talakawa. Da ya ƙi, mulkin ya kuɓuce. Wannan tsaka mai wuyar ce ya kamata mu rubuta.