Gawon Wa?

A ƙasar Damagaram har yau ana ba da labarin hukuncin Sarki Tanimun: wanda ya sare gawo, a bakin ransa. Da Nasara suka zo, dokar 1935 ta mai da itatuwa dukiyar gwamnati. Manomin Magaria ya ga gawon tsakiyar gonarsa ba nasa ba ne, tara kawai yake jawo masa, sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana tsiro. Ni kam ban ga laifinsa ba.

Bayan fari na 1984, da hannun hukuma ya yi sanyi, talakawa daga Magaria har Dungas suka shiga renon tohon gonakinsu. Kafin dokar gandun daji ta 2004 ta iso, dabbobi sun daɗe suna kwana a inuwar gawon da rani.